Gidan Baffa a Shafin Tsakiya

"Ɗauki ki karanta min. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji."

Takardar ta faɗo kan cinyar Nabilah. Ba sai ta buɗe ba, babu kalmar da ba ta haddace ba a ciki. Takardar talla ce mai ninki uku, mai kauri da sheƙi, wadda aka buga wa shagon tayil na mahaifinta da ke kasuwar Dei-Dei a Abuja. Wanda ya jefo mata kuwa Baffa Badaruddeen ne, yayan mahaifinta, mataimakin darakta a wata ma'aikatar gwamnati, mutumin da ko tari ya yi a gidan nan sai an yi rige-rigen ce masa sannu.

Abbanta, Alhaji Nababa, yana zaune a ƙasa kan kafet duk da gidansa ne, kai a sunkuye. Umma na raɓe a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Ko kin kurumce ne?"

Ta buɗe shafin tsakiya. Ga hoton benen nan, fari tas, ƙasan falon na ɗaukar ido. Ta karanta abin da ke ƙarƙashinsa.

"Sabon gidan Alhaji Badaruddeen Sambo, Bwari. Ya ce: tun daga falo har hawa na biyu tayil ɗin Nababa na sa, ban yi da-na-sani ba."

"Madalla!" Baffa ya buga cinya. "Ban yi da-na-sani ba! To ga shi yau ina yi. Shekara talatin da huɗu ina aiki, ko wanda muke haɗa bango a ofis bai san ina da bulo ɗaya a Bwari ba. Yau da safe na tarar da wannan a kan teburina an maƙala mata takardar tuhuma. Kwamiti na so in yi bayanin benen da ban rubuta a fom ɗin bayyana kadara ba. Wata goma sha ɗaya ya rage in yi ritaya, Nababa. Wata goma sha ɗaya!"

"Yaya, a yi haƙuri," in ji Abba, ko ɗagowa bai yi ba. "Wallahi aikin yaron nan ne. Ni ban san hawa ba ban san sauka ba."

Nabilah ta ɗago da sauri ta dubi mahaifinta. Ya kau da kai.

"Yaron da kuka ce in zo ranar Asabar in karɓi gaisuwar magabatansa?" Baffa ya miƙe yana saɓa babbar riga. "To ku buɗe kunne. Ni ne waliyyin yarinyar nan. Muddin da raina, ba zan ɗauki 'yar gidanmu in ba mai tona asirin mutane ba. A aika musu kada su wahalar da kansu."

Ya fice, ƙofa ta bugu.

Allah sarki Tawfiq! Shekara biyu cur yana sintiri daga Karu zuwa gidan nan, shekara biyu yana durƙusa wa Abba ana amsa masa gaisuwa da hanci. Mai tsara zane ne a wata maɗaba'a a Garki, shi ke shirya duk abin da za a buga, tun daga katin biki har allon talla. Abba kuwa bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mai wasa da kwamfutar nan". Ga kuma Barista Sagir a gefe, ɗan ƙanin matar Baffa, mai mota baƙa da turare mai hawa kai, wanda Nabilah ta sallama sau uku yana dawowa. Ita ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da bakwai, ta gama jami'a, ita ke riƙe da ofishin shagon. Babu mai ɗaure ta ya kai ta gidan wani. Amma ba ta isa ta aurar da kanta ba, kuma kowa a gidan ya san da haka.

Wata biyu da suka wuce ne Abba ya gaji da naci ya gindaya sharaɗi.

"Idan da gaske sana'a ce yake yi, ya nuna min. Ga bajekolin kayan gini nan tafe. Ya yi mana takardar da za ta kawo masu saye. In ta kawo, ya turo."

Ranar da aka zauna tsara takardar a shago, sai da aka kai ruwa rana. Abba na so a cika fuskar gaba da hotonsa sanye da babbar riga, a jera lambobin wayarsa huɗu, a sa sunan kowane irin tayil da ke sito, sannan a ɗebo hotunan gidajen Dubai daga intanet a watsa.

Tawfiq ya gyara zama cikin ladabi. "Abba, mai wucewa ba ya ba takarda fiye da ƙiftawar ido biyar kafin ya yar. Fuskar gaba abu ɗaya za ta faɗa masa, wato abin da zai samu in ya zo wurinka. Lamba ɗaya tak, wadda in an kira za a ɗauka. Rubutu kaɗan, a bar wa ido wurin hutawa."

"Wato in sayi takarda in bar ta fara fat?"

"Rabinta, Abba. Kuma mai kauri za mu buga. Mai laushin nan kafin magariba za ka gan ta wurin mai tsire."

Nabilah ta toshe baki tana dariya. Abba ya harare ta.

"Hotunan Dubai kuma," in ji Tawfiq, "kowane shago a layin nan su yake sawa, mutane sun gane. Mu nemo gida na gaskiya a nan Abuja wanda kayanka ke ciki, da maganar mai gidan. Bakin wanda ya saya ya fi bakin mai sayarwa nauyi."

Da ƙyar aka daidaita a kan cewa hoton Abba zai koma shafin baya, ɗan ƙarami.

To, a nan fa ƙaddara ta shigo, kuma ta bakin Nabilah ta shigo. Ita ta tuna da gidan Baffa. Ma'aikatan shagon ne suka shimfiɗa tayil ɗin, makullin ma yana rataye a ofishinta don ba a gama banɗakunan sama ba. Ita ta ɗauko shi, ita ta raka Tawfiq Bwari da hantsi, ta tsaya tana kallonsa yana kwanciya rub-da-ciki a ƙasa don ya kamo yadda haske ke sauka a falon.

"Kin tambaye shi kuwa?" ya ce da ita a hanyar dawowa.

"Baffana ne fa. Alfahari zai yi."

Da suka zo rubutun ƙasan hoto, Tawfiq ya sa "wani mai gida a Bwari". Ta ture hannunsa daga kan kwamfutar.

"Ba kai ka ce shaida ba suna ba ta da nauyi ba? Kuma ranar sallah da bakinsa ya faɗi maganar nan a gaban kowa."

"Nabilah, ma'aikacin gwamnati ne. Mutanen nan ba sa son..."

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa."

Da yatsunta ta buga sunan, harafi bayan harafi. Ya ce to sai dai Abba ya gani ya amince. Dama dokar mai maɗaba'ar ce, Oga Thaddeus, wani dattijo mutumin Filato: inji ba ya tashi sai mai kaya ya sa hannu a kowane ninki na samfurin. Aka kai wa Abba samfur har shago. Ya juya kai tsaye zuwa shafin baya, ya ƙura wa hotonsa ido.

"Hular ta fito sosai kuwa?"

"Ta fito, Abba," in ji Tawfiq. "Amma a duba tsakiya, akwai sunan..."

"Kai, ina da baƙi. Kawo biro."

Ya rattaba hannu sau uku, ɗaya ma a kan hoton benen ya hau.

Aka buga dubu biyu, aka raba a bajekoli. Kai jama'a, takarda ta yi aiki! Wayar shago ta koma kamar ta asibiti. 'Yan kwangila suka riƙa shigowa da ita a hannu suna nuna shafin tsakiya, suna cewa irin wannan muke so. A mako na uku Abba ya kira Tawfiq da sunansa, karo na farko, ya ce ya turo ranar Asabar. Nabilah ta shiga ɗaki ta yi sujada tana kukan daɗi.

Yau Laraba. Saura kwana uku, ga abin da ya faru.

Ƙarar motar Baffa na ɓacewa ta rarrafa gaban mahaifinta.

"Abba, ka sa hannu fa. Sau uku. Ya ce ka duba tsakiya ka ce kana da baƙi."

"Ke! Ni za ki tsare da shari'a?"

"Kuma sunan ni na rubuta, wallahi ni ce. Shi hana ni ma ya yi. Don Allah Abba ka bi Baffa ka faɗa masa gaskiya."

Abba ya miƙe tsaye, idanunsa sun kaɗa. "In je in ce wa yayana ni na sa hannu aka tona masa asiri? Mutumin da ya ɗauko ni daga ƙauye ya kama min shagon nan? So kike ya tsine min? In na ƙara jin maganar sa hannu a bakinki, ban yafe ba."

Ya shige ɗakinsa. Nabilah ta kifa kai a kujera ta fashe da kuka mai cin rai. Umma ta matso ta dafa bayanta.

"Ki yi haƙuri 'yar nan. Wani hanin ga Allah baiwa ne."

"Umma, an bar jaki ana dukan taiki. Me ya yi musu? Aiki aka ce ya yi, ya yi, ya yi kyau. Shi ne laifinsa?"

"Na sani. To amma ya za mu yi? Zumunci ne fa." Ta sassauta murya. "Kin ga Sagir tun safe yana wurin Baffanku, shi zai tsaya masa gaban kwamitin. Yaron nan yana da kirki, ke ce dai..."

Nabilah ta janye jikinta. Ko gawar ba a ɗauke ba an fara rabon gado.

Washegari da safe ba ta nufi Dei-Dei ba, Garki ta wuce. Maɗaba'ar na cike da ƙarar inji da warin tawada. Ta same shi a lungunsa gaban kwamfuta, allon a kashe, yana zaune kawai. Kwana ɗaya ne amma har ya faɗa.

"Abba ya kira ni jiya," ya ce, bai jira ta zauna ba.

"Me ya ce?"

"Abin da uba ke faɗa in ransa ya ɓaci. Na ce masa laifina ne, a yafe min."

"Laifinka?" Ta zaro ido. "Tawfiq, laifinka? Ni na ɗauko makulli! Ni na rubuta!"

"Ni ne mai sana'ar. Ke ba ki san abin da suna a takarda ke jawowa ba, ni na sani. Da na cije da ba a kai nan ba. Na ga kina murna ne na kasa hana ki."

"To tashi mu je wurin Baffa. Samfurin na nan ai, da sa hannun Abba. Ya gani da idonsa."

Ya girgiza kai a hankali. "In shiga gidanku riƙe da takardar da za ta kunyata mahaifinki a gaban yayansa? Ko an ba ni ke, da wane ido zai riƙa kallona? Da wane ido zan kai masa jikokinsa?"

"Wato mutuncinka ka zaɓa."

"Mutuncinsa na zaɓa."

"Ni fa?" Hawaye suka ɓalle mata, ba ta damu da ma'aikatan da ke leƙowa ba. "Ni wa ya zaɓe ni? Abba ya zaɓi yayansa, Umma ta zaɓi zaman lafiya, kai ka zaɓi a ce kana da kunya. Shekara biyu ina tare maka faɗa a gidanmu, ana min gori ina shanyewa. Yau da aka zo wurin da za ka buɗe baki sau ɗaya, sai ka ce laifinka ne? Ka san wa ke zaune a falon Baffa yanzu haka?"

"Na sani." Muryarsa ta karye. "Mahaifiyata ta riga ta sayi goro da alewa, Nabilah. Suna nan a ɗakinta cikin kwali. Har yanzu na kasa faɗa mata. Kada ki zaci ba na jin ciwo."

"To ka tashi!"

Bai tashi ba. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa. Ta tsaya a kansa tana jira, tana jira, har ta gane ba zai tashi ba. Tana sonsa kamar ranta, kuma a wannan lokacin ji ta yi kamar ta shaƙe shi.

Ta juya za ta fita sai Oga Thaddeus ya tare ta a bakin ƙofa, hannunsa duk tawada, riƙe da babban ambulan.

"Madam, tsaya. Ni shekara ashirin ina wannan aiki, saboda irin wannan rana nake ajiye samfur. Wannan yaro ba ta yi laifi ba, mai kaya ya sa hannu. Shi ya ce kar in ba kowa, amma shago nawa ne, ba nasa ba. Karɓa."

Ta karɓa da hannu biyu. "Na gode, Oga. Allah ya saka da alheri."

Ana kiran azahar ta isa gidan da Baffa ke zaune. Baƙar motar na ƙofar gida. A falo ta tarar da Barista Sagir ya baza fayil-fayil a kan tebur, ya cire kwat ya naɗe hannun riga kamar ɗan gida.

"A'a, ranki ya daɗe! Yau ke ce a gidan namu?" Ya washe baki. "Kada ki damu da maganar Baffa, tana hannuna. Ni ba na barin nawa ya kunyata."

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta durƙusa gaban Baffa ta gaishe shi, ta ce tana son magana da shi shi kaɗai. Baffa ya yi wa Sagir alama da kai, ya fita yana waiwaye.

Ta zaro samfurin ta shimfiɗa a gabansa.

"Baffa, ga sa hannun Abba, sau uku. Tawfiq ya ce masa ya duba, bai duba ba. Makullin gidanka ni na ɗauka. Sunanka ni na rubuta da hannuna, shi cewa ya yi kada a sa. In hukunci ne ni za a yi wa. Don girman Allah, Baffa, kada ka ɗora wa bawan Allah abin da bai yi ba."

Baffa ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe yana kallon sa hannun da ya hau kan benen. Sannan ya cire tabarau ya ninke takardar yadda take, ninki uku, ya tura mata.

"Kin gama?"

"Na gama, Baffa."

"To duk na sani."

Ta ɗago a firgice.

"Tun jiya da safe na sani. Wa ke da makullin gidan in ba shagonku ba? Maganar da aka rubuta a falon ubanki na faɗe ta ranar sallah, yaron yana wurin? Kuma na san Nababa tun yana tsumma, ko takardar sayar da kansa aka miƙa masa zai sa hannu in dai akwai hotonsa a jiki."

"To Baffa, in ka sani, me ya sa..."

"Saboda abin da aka yi min ba ƙarami ba ne, kuma dole wani ya ɗauka." Ya faɗa a natse, ba faɗa ba tsawa. "In na ce Nababa ne, na raba gidan ubanmu biyu. In na ce ke ce, na ɓata 'yata da bakina, gobe wa zai ɗauke ki? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi kuwa yaron nan bare ne. In ya tafi ba abin da ya ragu a cikinmu."

"Ni zan ragu, Baffa." Ta dube shi ido cikin ido. "Wallahi ni zan ragu."

"Za ki warke. Na faɗa a gaban ƙanina da matarsa, ba kuma zan lashe ba. Tashi ki je gida."

Ta yi kuka, ta kama ƙafarsa, ta haɗa shi da Allah da Annabi, ta tuna masa ita ce ya yi wa huɗuba da bakinsa. Ya zare ƙafarsa a hankali ya ce lokacin salla ya yi.

Ba ta san yadda ta fito ba. Ta wuce Sagir yana tambayar ko ya sauke ta, ta fita titi, rana na dukan ta, ambulan a ƙirji. Dama ta zo da shirin a ƙaryata ta, ta rantse, ta kawo shaida. Ba ta taɓa kawo wa ranta za a gaskata ta kuma a ce ba komai ba ne.

Wayarta ta ɗauki ruri a jaka. Abba.

Ko Baffa ya kira shi? Ko dai zuciyarsa ce ta karye, ya ga bai kyauta ba? Ta share hawaye da gefen mayafi ta ɗauka da sauri.

"Assalamu alaikum, Abba."

Hayaniyar kasuwa ce ta fara cika mata kunne, da ƙarar manyan motoci.

"Ke kina ina ne tun safe? Shago ya cika, mutane sai tambayar takardar nan suke, ko ɗaya ba ta rage ba." Ya yi gyaran murya, ya rage sauti. "Ni ba zan iya kiransa ba bayan maganar jiya. Ke ki kira yaron nan, ki lallaɓa shi, ai yana jin maganarki. Ya cire sunan Yaya kawai, sauran kada ya taɓa komai. A ƙaro mana dubu biyar kafin Asabar."